Dogaran Jini Da Ke Tona Asirin Ciwon Zuciya

'Yan'uwana mata, zuciyar nan da ke cikin ƙirjinmu tsoka ce, kuma ba ta da ranar hutu. Tana bugawa kamar sau 100,000 kowace rana. A cikinta akwai waɗansu zarurruka ƙanana ƙwarai, na furotin, masu suna aktin da mayosin. Su ke jan juna, zuciya ta matse, ta tura jini. Akwai na uku wanda shi ke ba su izinin motsi, sunansa toroponin. Wani masani Bajapane, Setsuro Ebashi, shi ya gano shi a shekarun 1960.

To, yaya likita zai san tsokar nan ta sami rauni, alhali kuwa ba ya iya buɗe ƙirji ya duba? A nan ne dogaran jini ke shigowa.

Duk sa'ad da baƙon abu ya shiga jikin mutum, ko ƙwayar cuta ko dafi, jiki yakan ƙera waɗansu abubuwa da masana ke kira antibodi. Ni na fi so in kira su dogarai, gama aikinsu kamun mai laifi ne. Amma kowane dogari fuska ɗaya tak ya sani. Wanda aka ƙera don ƙyanda ba ruwansa da tarin fuka, ko sun yi kiciɓis. Wannan tsantseni nasu shi ya ba masana dabara. Suka ce, in haka ne, bari mu sa dabba ta ƙera mana dogarin da ya san fuskar furotin ɗin zuciya. Sai a yi wa zomo ko akuya allurar furotin ɗin, bayan 'yan makonni a ɗebi jininta a tace.

Wahalar ita ce, abin da aka samu daga zomon bana ba lalle ya yi daidai da na baɗi ba. A shekarar 1975, a garin Kambirij na Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka warware matsalar. Suka ɗauki ƙwayar halitta mai ƙera dogari daga saifar ɓera, suka haɗe ta da ƙwayar ciwon daji wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da ya fito sai ya yi ta zuba dogari iri ɗaya sak, kamar yadda ƙullin da aka ajiye ke tayar da sabon ƙulli. An ba su kyautar Nobel a 1984. Ku 'yan makaranta kuma ku riƙe sunan Rosalyn Yalow ta Amurka, wadda ta sami wannan kyauta a 1977 saboda hanyar auna abu ɗan mitsitsi cikin jini da irin dogaran nan. Mace ce, kuma uwar 'ya'ya biyu.

A ɗakin gwaje-gwaje akan ɗaura wa dogarin rini mai ƙyalli, a zuba shi a kan ɗan yankin tsokar zuciya, a duba da madubin ƙara girma. Duk inda furotin ɗin yake, wurin sai ya haska. Ta haka ake ganin inda zare ya tsinke ko ya ɓace.

Amfanin da ya fi isowa ga majinyaci kuwa shi ne gwajin toroponin, wanda likita Hugo Katus na Haidalbag a Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980. In hanyar jini ta toshe, wani sashe na zuciya ya fara mutuwa, toroponin yakan tsiyaye cikin jini a 'yan sa'o'i, ya daɗe har fiye da mako guda. Na zuciya ya bambanta da na tsokar hannu da ƙafa, saboda haka dogarin ba ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Gwaje-gwajen dā ba su da wannan bambancewa sosai, ciwon tsoka ma yakan ruɗe su. A shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sa toroponin gaba wajen tabbatar da bugun zuciya.

Mu mata akwai inda zancen ya taɓa mu kai tsaye, watau raunin zuciya na masu jego. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi bincike a Zariya, suka ga abin yana samun kamar mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, adadin da ba a cika ganin irinsa a duniya ba. Su sun zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da likitocin Nijeriya suka yi daga baya ya fi nuna rama da hawan jini na lokacin ciki da talauci. Ko ma dai yaya ne, kanwa gishiri ce, zuciya mai rauni kuwa ba ta shiri da gishiri.

Zuciyar da ta gaji takan saki wani sinadari mai suna BNP, shi ma da dogari ake auna shi. Ana haɗa wannan da hoton zuciya kafin likita ya yanke magana. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ce wa mai jego, "Gajiyar haihuwa ce, za ta wuce." In kin ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko daga ɗaki zuwa madafi, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, ko tana tari da dare, to, a gaya wa maigida a kai ta babban asibiti a ranar. Ciwon yakan zo tun daga watan ƙarshe na ciki har 'yan watanni bayan haihuwa, kuma mata da yawa da aka fara wa magani da wuri zuciyarsu takan dawo daidai.