Ɓawon yazawa ya tsaya a gida: takin da za a yi da shi, lafiya ne?

Shekaru da dama ƙwallon yazawar da ake nomawa a yankunan Paraku, Jugu da Savalu yana gangarowa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a loda shi da ɓawonsa zuwa Indiya da Biyetnam, can a fasa. Gwamnatin Jamhuriyar Benin ta sa ranar 1 ga Afrilun 2024 a matsayin ranar hana fitar da ɗanyen ƙwallon, domin masana'antun cikin gida, musamman na Glo-Djigbé mai nisan kusan kilomita 45 daga Kwatano, su samu abin sarrafawa. Manufar tana da kyau. Sai dai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin ƙwallon ɓawo ne, kuma ɓawon da a da ake tafiya da shi kyauta yanzu nan zai zauna.

Ga tulin shara a gefe guda, ga 'yan lambun Houéyiho da Sèmè-Podji a ɗaya gefen, suna fama da ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki, ga tsadar takin zamani da ta biyo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Ba mamaki hankali ya karkata ga mayar da ɓawon taki. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar: cibiyar Songhaï da Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985 ta daɗe tana koyar da cewa sharar wani aiki ita ce jarin wani.

Amma ɓawon yazawa ba kamar ƙaiƙayin gero ba ne. A cikinsa akwai wani baƙin mai mai ƙuna, wanda matan da ke fasa ƙwallon da hannu suka fi kowa saninsa, don shi ke sale musu fatar yatsu. Wannan man yana kashe ƙananan halittun da ke ruɓar da shara, saboda haka tulin ɗanyen ɓawo kan daɗe bai ruɓe ba. In aka zuba shi a fage kafin ya nuna, iri ya ƙi tsira, saiwar dashe ta ƙone. Gyaran a fili yake: a fara tatse man, wanda shi kansa haja ce da ake yin fenti da birkin mota da ita, sannan a niƙa tunkuzar da ta rage, a gauraya da abin da zai ba ta sinadarin naitirojin.

A nan ne Zongon Kwatano ya shigo. Unguwar da ke da tumaki da awaki a turke, musamman gab da Babbar Sallah, da mahauta masu zubar da taroson tumbi kullum, tana da ainihin abin da busasshen ɓawo ke buƙata. Yau galibinsa cikin kwata yake ƙarewa, damina ta zo ya toshe magudana. In aka haɗa shi da tunkuzar, aka jiƙa, ana juyawa, tulin kan ɗau zafi da kansa. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa ita ce zafin ya kai digiri 55 ya kuma daɗe a haka, don ya kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga latas da kabejin da ake ci ɗanye, waɗanda daga lambu suke bi ta kasuwa su dawo kwanon gidajenmu.

Abin da ya fi damuna ma ba ɓawon ba ne, cakuɗe ne. Mai neman cika buhu da arha zai ɗebo ƙasar juji ya ƙara, da fasassun batura da leda da tokar taya a ciki. Zafi yana kashe cuta, amma ba ya kashe dalmar da ke cikin irin wannan sharar. Tana nan a ƙasa, ganye ya zuƙe ta, yaro ya ci.

Gwaji na farko ba ya bukatar ɗakin bincike. Takin da ya nuna baƙi ne, ya huce, yana ƙamshin ƙasar sabon ruwa. A cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya a gauraye da takin, a shuka wake ko alayyahu. In na gaurayen ya yi baya, takin bai kai ba. Dalma kuwa sai awon masana, kuma wannan nauyi ne na hukuma da masana'antun da ke fitar da sharar.

Kirana ga shugabannin Zongo da ƙungiyoyin dillalan dabbobi da mahauta shi ne su keɓe wurin tara kashin dabbobi daban da sharar gida tun yanzu, su nemi yarjejeniya da 'yan lambu da masu sarrafa yazawa. Ku kuma 'yan lambu, kada ku sayi buhun takin ɓawo sai mai shi ya faɗa muku ko an tatse man, da kuma watanni nawa tulin ya yi ana juya shi.