Firij a Tsallaken Kogin Kaduna: Ƙura, Wutar Lantarki da Wuƙa

Shirin musamman na wannan mako ya waiwayi wata na'ura da ta zama ruwan dare a gidajen da ke tsallaken Kogin Kaduna ta kudu, tun daga Kakuri da Makera da Nasarawa, inda masaƙu suka tara ma'aikata bayan buɗe masaƙar KTL a 1957, har zuwa Barnawa da Narayi da Unguwar Romi da Sabon Tasha. Na'urar ita ce firij, wanda a gidaje da dama yake aiki biyu, domin bayan ajiye miya da nama, shi ne jarin matan da ke sayar da zoɓo da kunun aya da ruwan leda da ƙanƙara, sana'ar da ta riƙe iyalai masu yawa tun da manyan masaƙun suka rufe a shekarun 2000. Abin takaici shi ne, galibin firij ɗin da ake jibgewa a gaban shagon mai gyara ba tsufa ne ya kashe su ba.

Fahimtar dalilin haka na buƙatar sanin yadda na'urar ke aiki. Aikin firij shi ne kwashe zafin da ke cikinsa ya fitar da shi waje, kuma abin da ke tafiyar da wannan aiki shi ne kwamfuresa, wato baƙin injin nan mai kama da tukunya da ke ƙasa ta baya, wanda ke matse gas yana tura shi cikin siraran bututu domin zafin ya bi iska. A tsofaffin samfura bututun na fili a baya, a sababbi kuwa an binne su a jikin bangon gefe, shi ya sa gefen ke yin ɗumi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara ta lulluɓe bututun da injin, sai kuma bazara ta biyo baya a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, ta tarar da na'urar a toshe, injin ya yi ta aiki babu hutu yana shan wuta har ya gaji. Saboda haka ƙarshen hunturu ne lokacin da ya fi dacewa a zare soket, a janyo firij, a kakkaɓe bayansa da buroshi mai laushi, sannan a mayar da shi da tazarar kimanin santimita 10 daga bango, nesa da risho da hasken rana, ba tare da an rufe gefensa da ƙyallen ado ba.

Wutar lantarki ita ce matsala ta biyu. An ƙera na'urorin ne domin wuta mai ƙarfin bolt 230, amma wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa, wadda jama'a ke ci gaba da kira da sunan NEPA, takan zo da rauni a wasu layuka, musamman da yamma, kuma idan ta yi ƙasa sai kwamfuresa ya yi ta yunƙurin tashi yana kasawa, wayoyin cikinsa su ɗauki zafi su ƙone. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, gas bai riga ya daidaita a cikin bututu ba, don haka ya kamata a jinkirta kamar minti 5 kafin a kunna, aikin da istabilaiza mai jinkiri ke yi da kanta. Ga mazauna layin da aka sa a rukunin Band A, wanda aka ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, firij mai datti asara ce da ake gani a mita.

Ɓarnar da ta fi ciwo kuwa ita ce wadda mai firij ke yi da hannunsa. Idan ƙanƙara ta yi kauri a firiza, wato sashen daskararwa, sai a ɗauko wuƙa ko sukundireba a hau sara, alhali a ƙarƙashin ƙanƙarar akwai bututun alminiyam mai laushi wanda sara ɗaya ke hudawa, gas ya tsiyaye, laima ta shiga, gyara ya yi tsada. Hatsarin ya ƙaru a yau, domin bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshen tsohon gas ɗin R12 mai lalata rufin ozon na sararin samaniya, yawancin sababbin firij na amfani da R600a, wanda ke kama wuta. Hanyar da ta dace ita ce a kashe na'urar, a buɗe ƙofa, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki har ƙanƙarar ta saki da kanta. Ya kamata kuma masu sauraro su san cewa gas ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake yi a rufe, don haka duk mai gyaran da ya ƙara gas bai nemo inda yake yoyo ya toshe ba, ya saya wa mai firij 'yan watanni ne kawai. Yawan taruwar ƙanƙara ma sau da yawa alama ce ta robar ƙofa da ta saki, kuma ana gane haka idan aka rufe ƙofar a kan takarda aka ga ta zare cikin sauƙi.

Tsabtar ciki ta shafi lafiya kai tsaye, domin sanyi rage saurin haihuwar ƙwayoyin cuta yake yi, ba ya kashe su. Ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke sun isa a goge kantoci da lungunan roba, a bushe su, a buɗe ƙaramin ramin da ke zubar da ruwa ta baya, a kuma wanke farantin da ke tare ruwan a kan injin, wanda kyankyasai ke so. Gawayi a buɗaɗɗen kwano na shanye wari, ɗanyen nama kuma a rufe shi a kanta ta ƙasa don kada jininsa ya ɗiga a dafaffen abinci. Ana son sashen sanyi kada ya wuce digiri 5, firiza kuma ta kai 18 ƙasa da sifiri. Idan aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyi kimanin awa 4, cikakkiyar firiza kuwa kimanin awa 48, rabin haka idan ba ta cika ba.

Naman da ya narke ya yi ɗumi sannan ya sake daskarewa bayan dawowar wuta, kamar yadda yakan faru da naman layya ko na Kirsimeti, ba ya nuna alamar lalacewa a ido. Wanda zai yi tafiya ya bar firiza a kunne na iya daskarar da ruwa a kofi, ya ɗora ƙaramin dutse a kai; idan aka dawo aka tarar dutsen ya nutse zuwa ƙasa, to kayan sun narke a bayan ido, kuma bai kamata a ci su ko a sayar ba.