Ƙarin Sifirin Ba Ƙarin Birki Ba Ne

'Yan'uwa manoma, da kaka hatsin Karakkai sai ya kai kasuwannin Bungudu, Gusau ko Tsafe. Akori-kura irin Peugeot 504 an yi ta domin kaya wajen tan ɗaya, wato buhun masara 10. Waɗansu sukan ƙara mata sifirin su ɗora 20. Amma birki da taya suna nan yadda suke. A gangaren rafi ake gane haka.

In za ku ratsa yashi, ku rage iskar taya kaɗan, kada ku tsaya a tsakiya. Bayan ƙetare ruwa ku duba baƙin mai. In ya koma kamar madara, ku juye shi. Gara sawu biyu da kwana a daji.