Sarƙar umarni ba ta ɗauke wa kowa koyon SQL ba

Tun ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da gungun masu kutse na Cl0p suka fasa manhajar aika fayiloli ta MOVEit, suka kwashe bayanan ma'aikatan BBC da British Airways da ɗaruruwan kamfanoni da hukumomi, ake ta labarin kamar wani sabon tsafi aka ƙirƙiro. Da hukumomin CISA da FBI na Amurka suka fitar da gargaɗi a watan Maris na 2024 cewa masu ƙera manhaja su kawo ƙarshen irin wannan ɓaraka, sai na ji matasanmu masu koyon sana'ar suna cewa abin bai shafe su ba, tunda da ORM suke aiki. Duka biyun kuskure ne. Ɓarakar tsohuwa ce, cusa muguwar tambayar SQL, harshen da ake tuntuɓar rumbun bayanai da shi, ta wurin da aka tanada don rubuta suna ko lamba, kuma tun Disamban 1998 aka yi bayaninta a mujallar Phrack.

ORM tafinta ne tsakanin mai rubuta manhaja da rumbun bayanai. Kowane jadawali na rumbun ana ba shi aji a cikin manhaja, kowane layi kuma ya zama abu guda na wannan ajin. Sarƙar umarni kuwa ita ce ka jera umarni bayan umarni a layi ɗaya, domin kowanne yana mayar da abin da na gaba zai kama. A Django, ɗaya daga cikin manhajojin da ke da ORM, za a rubuta: Dalibi.objects.filter(jiha="Kano").exclude(aji=1).order_by("suna"). Ba a tuntuɓar rumbun sai lokacin da aka buƙaci sakamakon, sannan a dunƙule sarƙar ta zama tambaya guda.

Abin da ba a koya wa yaranmu shi ne inda duk wannan ya samo asali. A 1970 Edgar Codd, Baturen Ingila masanin lissafi da ke aiki a cibiyar binciken IBM ta San Jose, ya wallafa takardar da ta kawo tsarin adana bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna. Kamfaninsa bai yi rawar jiki ba, saboda yana cin riba da tsohon tsarinsa na IMS. A 1974 abokan aikinsa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da harshen SEQUEL, wanda ya zama SQL. Boyce ya rasu a shekarar, bai ga abin da aikinsa ya haifar ba. Jan ƙafar IBM ne ya ba kamfanin Larry Ellison damar riga shi kasuwa da Oracle a 1979. Codd dai ya samu lambar yabo ta Turing a 1981.

A ɗaya ɓangaren, masu harshen Smalltalk a cibiyar Xerox PARC suna gina manhaja ne da abubuwa masu aika wa juna saƙo, kuma tun a can ake iya jera saƙonni ga abu guda. Tunanin biyu bai taɓa jituwa ba: Codd yana kallon tarin layuka gaba ɗaya, su kuma suna kallon abu ɗai-ɗai. Don a sasanta su aka samar da TopLink a Kanada a farkon shekarun 1990, Gavin King ya fito da Hibernate a 2001, Ruby on Rails ya zo da Active Record a 2004. Django ma a ɗakin labaran wata jarida ta garin Lawrence da ke jihar Kansas aka haife shi, aka sake shi ga jama'a a 2005, shekarar da Martin Fowler da Eric Evans suka raɗa wa wannan salon jera umarni suna. Laravel na Taylor Otwell, wanda matasa da yawa ke fara cin abinci da shi, sai 2011 ya zo.

Wanda bai san wannan saɓani ba zai yi ta faɗawa rami. A Django kowane umarni sabon kwafi yake mayarwa, a Laravel kuwa ainihin tambayar ake sauyawa, don haka wanda ya sake amfani da ita zai tarar da tsofaffin sharuɗɗa maƙale a jikinta. Ka ɗauko ɗalibai 500, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman sunan makarantar kowa, sai rumbun ya karɓi tambaya 501 a maimakon ɗaya ko biyu. Shafin ya yi nauyi ranar rajista, a ɗora wa intanet laifi.

Gaskiya ne ORM yana raba abin da baƙo ya rubuta da jikin tambaya, kuma wannan kariya ce babba. Amma da zarar an koma whereRaw a Laravel ko extra a Django aka liƙa rubutun baƙo kai tsaye, kariyar ta tafi. Su kansu manhajojin ba ma'asumai ba ne: Rails ya toshe irin wannan ɓaraka a Janairun 2013, Django ma a Afrilun 2022. Kamfanin TalkTalk na Birtaniya tarar fam 400,000 aka ci shi a 2016, bayan an sace bayanan mutum kusan 157,000 da irin wannan ɓaraka ta tsofaffin shafukan da ya gada daga kamfanin Tiscali bai kula da su ba.

Najeriya ta samu dokar kare bayanai tun Yunin 2023, ga kuma shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3. Ina kira ga masu tsara darussansa da malaman jami'o'inmu: kada a ba kowa takardar shaida sai ya iya karanta SQL ɗin da sarƙarsa ta haifar. Hukumomin da ke ba da kwangilar manhaja kuma su daina karɓar aiki don kawai shafin ya yi kyau, su sa a binciki abin da ke ƙarƙashinsa kafin su zuba bayanan talakawa a ciki.