Ƙarfen da aka tono: na wane jirgin yaƙi ne?

Tambayarmu ta yau: in manomi a Turai ya tono tarkacen jirgin Yaƙin Duniya na Biyu, yaya ake gane jirgin?

Sirrin yana jikin lambobi. Masana'antu kan buga lamba a kusan kowane ƙarfe. In ta fara da 300, galibi Spitfire ne na Ingila. In 32 ce, B-24 ne na Amurka, 8-109 kuwa Messerschmitt ne na Jamus.

To amma fa wannan samfurin jirgin kawai ya nuna. Lambar injin ita ake bi a kundin sojoji, a gano ranar da ya faɗi da wanda ke ciki.

Wani lokacin ma matuƙin na nan. A 2017, wani yaro a Denmak ya gano Messerschmitt a gonarsu, har da ƙasusuwan matuƙin da takardunsa. Bayan shekara sama da 70 aka san ko wanene.

Kun ga ashe ba kayan gwangwan ba ne. Wani kabari ne, wani kuma da harsasai masu iya fashewa. Shi ya sa tun 1986 dokar Birtaniya ta hana tonowa sai da lasisi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.