Aikatau Ɗaya, Fassara Barkatai

Wanda ya buɗe ƙamus na harshen Suwidin zuwa Ingilishi ya nemi aikatau "få" zai tarar da fassara iri-iri: samun abu, samun izinin yin abu, da kuma zama dole a yi abu. Sai ya ɗauka kalma uku ce aka cusa cikin riga ɗaya. Alhali zare guda ne ya ɗinke su, domin a kowanne akwai abin da ya zo wa mutum daga waje, ko kyauta, ko dama, ko tilas. Ingilishi ne yakan fassara ukun da kalmomi daban-daban, shi ya sa tsawon jerin ya fi bayyana halin harshen da ake fassarawa zuwa gare shi.

Bahaushe ba ya bukatar zuwa Turai kafin ya gane haka. A saurari manomin Mahuta, a yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, yana lissafin kaka. Gonar masara ta ci buhu shida na taki, tsutsa ta ci wani ɓangare, ya ci bashi wajen ɗan kasuwa tun farkon damina, yanzu yana jiran ranar da kasuwa za ta ci ya ga ko zai ci riba. Sau biyar ya ce "ci" ba tare da loma ta shiga bakinsa ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun jera wa wannan aikatau fassarori masu yawa, kuma aikinsu abin a yaba ne. Sai dai manomin ba jeri ya haddace ba. Abin da ya sani shi ne wani abu ya haɗiye wani, ko ya rinjaye shi, ko ya mallake shi. A 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna cewa "ci" yakan karkata ga rinjaye, kamar cin zaɓe da cin yaƙi, shi kuwa "sha" ga ɗanɗana abin da ya auka wa mutum, kamar shan rana a gonar auduga ko shan wahala.

Za a ce ai ana cin wuya, ana cin duka, ina rinjaye a nan? Gaskiya ne, tsarin ba ya rufe kowace kafa, domin maganar yau da kullum tana da nata son rai. Amma waɗannan ma haɗiyewa ce, mutum ya ɗauki abin ya shige jikinsa. Za a kuma ce ɗalibi ba ruwansa da zurfin nazari, fassara yake nema yanzu-yanzu. To, jeri tsirara shi ne yake kai shi ga zaɓen fassarar farko, ya mai da cin amana batun abinci. Abin da zai fisshe shi shi ne a ba shi aikatau tare da abokan tafiyarsa cikin jimla cikakkiya, taki da bashi da riba kowanne a muhallinsa. Nan ne ƙamus mai bayyana Hausa da Hausa, irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, yake da damar da mai harshe biyu ba shi da ita, tunda ba dole ne ya yanka kalmar daidai da ma'aunin wani harshe ba.