Ayarin Masu Keke: Bayani a Kan Shiga Ƙungiyar Hawan Hanyar Tsakuwa

 Maganarmu ta wannan mako a kan keke take, wanda dattawa suke kira basukur, da wata al'ada da ta bunƙasa a Turai da Amurka, har ta ƙetaro gabashin Afirka. Al'adar kuwa ita ce mutanen gari ɗaya su kafa ƙungiya, su yanka rana da lokaci, su hau kekunansu su bar kwalta, su bi hanyoyin tsakuwa da burji da turbobin gonaki, su yi yini ko rabin yini, sa'an nan su komo gida tare. Nufinmu mu bayyana yadda ake shiga irin wannan ƙungiya, da abin da ya kamata mai shiga ya duba kafin ya ba da kuɗinsa da amanarsa.

Ka sani, ya mai karatu, wanda ya san fatauci ya riga ya san rabin wannan magana. Kakanninmu da suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro sun san hanya sarai, duk da haka ba wanda ya kama ta shi kaɗai. Ayari suka riƙa ɗaurawa, da madugu da jagaba da zango sananne, domin daji ba ya jin tausayin mutum ɗaya. To, ƙungiyar masu keke ayari ce, kuma da abin da ake auna ayari da shi za a auna ta, watau halin da take nuna wa wanda ya gaji ya rage a baya.

Fasali na farko: asalin al'amarin

A shekarar 1885 wani Bature, John Kemp Starley, a birnin Coventry na Ingila, ya ƙera keke mai sarƙa wadda ke juya ƙafar baya, irin wanda muka sani yau. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sa wa keke taya mai iska. A wannan zamani hanyoyin ƙauye a can ƙura ce in an yi rana, laka ce in an yi ruwa. Masu keke suna cikin waɗanda suka fara kukan a gyara su, musamman ƙungiyarsu ta Amurka da aka kafa a 1880. Da hanya ta gyaru sai mota ta zo ta mamaye ta, ta tura mai keke gefe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsoron mota yana daga cikin manyan dalilan da suka mayar da jikokinsu kan tsakuwar da kakanni suka gudu daga gare ta.

A 1955 waɗansu masu keke suka taru a garin Leominster na Ingila suka kafa ƙungiyar da ake kira Rough Stuff Fellowship, domin bin turbobi da hanyoyin tuddai, kuma tana nan har yanzu. Amma bunƙasar abin daga Amurka ta taso, ƙasar da ke da hanyoyi marasa kwalta fiye da mil miliyan ɗaya. A 2006 mutum 34 suka tashi daga garin Emporia, a jihar Kansas, suka kama tafiyar mil 200 cikin tuddai masu duwatsun ƙyastu da ke tsaga taya kamar wuƙa. Wannan taro shi ake kira Unbound Gravel tun 2020, kuma masu nemansa sun yi yawa har sai an jefa ƙuri'a kafin mutum ya sami shiga. A 2021 aka fara tseren kwana 4 a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya, nisansa wajen kilomita 650. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a kan tsakuwa, a yankin Veneto na Italiya, inda Gianni Vermeersch na Beljiyam ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata.

Waɗannan su ne manyan taruka masu suna. Tushensu kuwa ƙananan ƙungiyoyin gari ne, na mutum goma ko ashirin ko hamsin, masu haɗuwa da sassafe ranar hutu a ƙofar kantin mai gyaran keke ko a wani fili sananne. A nan ne sabon shiga ke fara sa ƙafa.

Mutumin ƙauyenmu da ke ɗaura buhu a kariya ya tafi cin kasuwa ta hanyar burji zai yi dariya in ya ji ana biyan kuɗi domin a sha ƙura. Yana da hujja. Sai dai shi hanyar da ya sani yake bi, tsakanin garuruwan da aka san shi, ga mai faci a bakin kowace kasuwa. Waɗannan kuwa nisan kilomita 50 ko 100 suke nema, a inda babu kanti babu mai faci, wani wurin ma waya ba ta kamawa. Wannan shi ya sa tafiyar ta bukaci tsari.

Fasali na biyu: tsarin tafiya

Kowace fita tana da jagora, wanda ya riga ya bi hanyar ya san ramukanta da mashigin ruwanta. Shi ke gaba, shi ke yanka saurin tafiya, ba a wuce shi sai da izninsa. Akwai kuma wanda ke zama can ƙarshe, Turawa suna kiransa mai shara, domin aikinsa ya tattaro duk wanda ya rage. Ba ya wuce kowa, ko da wanda ke gabansa ya sauka yana tura keke. Galibi gwani ake ba wannan aiki, wanda ya iya gyara, mai haƙuri, kuma bai damu da a ce shi ya iso ƙarshe ba.

Ƙungiya mai yawan mutane takan kasu bisa ga ƙarfi: masu sauri, da matsakaita, da masu koyo. Kafin ranar fita akan sanar da nisan hanya, da yawan hawan da ke cikinta, da saurin da za a yi, a kuma aika wa kowa taswirarta a waya. A nan akwai mas'ala guda da sabon shiga ba zai yi sakaci da ita ba. Fita iri biyu ce. Akwai wadda aka yi alkawari ba a yar da kowa, ana tsayawa a kowace mararraba da kan kowane tudu a ƙirga mutane, ba a tashi sai adadi ya cika. Akwai kuma ta masu shirin gasa, wadda duk wanda ya gaza ya san yadda zai yi ya komo. Dukansu biyu daidai ne ga masu su, muddin an faɗa tun a gida. Laifi yana wuyan ƙungiyar da ta ɓoye, da wuyan baƙon da bai tambaya ba.

Game da kuɗi, akan biya na shekara, ma'aji ya rubuta. Mai shiga yakan sa hannu a takardar da ke cewa ya san akwai hatsari a cikin abin, ya kuma ba da lambar wanda za a kira in wani abu ya same shi. A Ingila ƙungiyar da aka kafa a Harrogate a 1878, wadda yanzu ake kira Cycling UK, tana ba 'ya'yanta inshorar da ke biyan diyya in sun yi wa wani ɓarna a hanya. Ƙungiyoyi da yawa sukan bar baƙo ya bi su sau ɗaya ko biyu ko uku kafin ya biya kome. Ɗan kasuwa ya san amfanin wannan, gama ba a sayen doki sai an ga tafiyarsa.

Fasali na uku: guzuri da kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Keken da aka ƙera domin tsakuwa tayarsa ta fi ta keken tsere faɗi: galibi milimita 38 zuwa 50, alhali ta keken kwalta tana tsakanin 25 da 30. Iskar da ake ba ta kuwa kusan nusufin ta keken kwalta ce. Hikimar wannan ita ce taya mai taushi tana lanƙwasawa a kan dutse ta riƙe ƙasa, mai tauri kuwa tsalle take yi tana zamewa. Da yawa daga cikinsu ma ba su sa tiyub, sai wani ruwa mai danƙo da ake zubawa cikin tayar, wanda ke toshe hudar ƙaya tun mahayi bai sauka ba.

Duk da haka kada kowa ya ci bashi domin sabon keke. Keke mai birki lafiyayye da taya mai faɗi ya isa a bi rukunin masu koyo. Abin da ba makawa a gare shi su ne hular kwano, da tiyub na ajiya, da famfo, da kayan faci, da ɗan makullin ɗaure ƙusa, da abin ci kamar dabino ko gyaɗa. Ruwa kuma a lissafa aƙalla rabin lita ga kowace sa'a, a ƙara in ana zafi. 'Yan'uwan tafiya za su taimaki wanda tsautsayi ya faɗa wa da farin ciki. Wanda kuwa ya mai da zuwa hannu rabbana al'adarsa, ba da daɗewa ba zai zama kaya a wuyansu.

Fasali na huɗu: ladubban hanya

Na farko, a zo kan lokaci, a gai da jagora, a gaya masa gaskiyar ƙarfinka. Kunyar faɗin gazawa a bakin gari ta fi sauƙi bisa ga gazawa a tsakiyar daji.

Na biyu, a bar tazara. A kan kwalta mai bin bayan wani yana fakewa daga iska, har ya rage kusan sulusin wahalarsa in ana sauri. A kan tsakuwa kuwa wanda ya manne wa na gaba ba ya ganin rami sai ya faɗa, ga ƙura ga tsakuwar da taya ke watsowa. Tsawon keke ɗaya ko fiye shi ne daidai, kuma kada ƙafarka ta gaba ta shiga gefen ƙafar baya ta wani, domin in sun gogu kai ne za ka sha ƙasa.

Na uku, wanda ya ga rami ko yashi ko mota ya faɗa da murya ya nuna da hannu, na bayansa ya miƙa wa na bayansa, har labari ya kai ga mai shara.

Na huɗu, a rage gudu kafin kwana. Wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana bisa tsakuwa, keke zai zame daga ƙarƙashinsa. A cikin yashi a sassauta riƙo a ci gaba da taka feda, a kan gargada kuma a ɗan ɗaga daga sirdi.

Na biyar, hanyar tsakuwa ta manoma ce da makiyaya, mai keke baƙo ne a kanta. Ya yi sannu in ya iske garke, ya gai da mutane, ya rufe ƙyauren shingen da ya buɗe, kada ya zubar da shara. Rashin ladabin mahayi ɗaya yakan sa a rufe wa ƙungiya duka hanya.

Fasali na biyar: hatsari da zaɓen abokan tafiya

Kada a ɗauka nisantar mota ya kawar da hatsari duka. A watan Agusta na 2022 Sule Kangangi, gwanin mahayi na Kenya kuma shugaban 'yan wasan Amani, ya faɗi yana cikin gudu a wani tseren tsakuwa a jihar Vermont ta Amurka, ya rasu yana da shekara 33. A 2023 laka ta kama mahaya a Emporia tun farkon tafiya, ta toshe ƙafafun kekuna, har mutane suka saɓa su a kafaɗa suna tafiya a ƙasa. In gwanaye sun gamu da irin wannan a taron da aka yi wa shiri, ina ga sabon shiga a turbar da mota ba ta biyowa sai bayan sa'o'i? A irin wannan wuri wanda ke kusa da kai shi ne likitanka na farko, shi ne kuma ɗan aikenka.

Saboda haka, ya kai mai niyyar shiga, ko mai ɗan da ya nemi izninka ya shiga, ga tambayoyin da za a yi. Wa ke gaba, wa ke baya? Ana ƙirga mutane a kowane zango? In keken wani ya lalace, mutum nawa ke tsayawa da shi? In wani ya ji rauni, wa ke riƙe da magani da bandeji, wa kuma za a kira? Ƙungiyar da ta amsa waɗannan ba da inda-inda ba, a shiga, ko da kekunanta tsofaffi ne. Wadda kuwa ba ta da zance sai na sauri da tsadar keke, a yi mata sallama.

Larabawa suka ce a nemi abokin tafiya kafin a nemi hanya, mu kuma muka ce sannu ba ta hana zuwa. In an fita mutum ashirin da safe, a komo mutum ashirin da yamma, wannan shi ne cikar tafiya, kuma fatake sun san haka tun ba a ƙera keke ba.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan a wannan mako. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Haza wassalam.